Lefen da Ya Kai Ango Komisariya

Tun da hantsi tsakar gidan Alhaji Yuguda da ke unguwar Brikiteri ya cika da mata, an zo ganin lefen Jaratu. Ana ɗaga atamfa ana guɗa, ita kuwa amarya tana ƙuryar ɗaki tana leƙe ta labule, wai ita mai kunya. Kunyar me? Kowa a unguwa ya san yadda take ƙirƙiro aike zuwa kasuwar Mokolo don ta bi ta gaban rumfar Nata'ala mai gyaran ƙananan baburan nan mobilet, ta gaishe shi da "bonjur", shi kuma ya rasa inda ya ajiye sifana.

"Kai, yaron nan ya yi ƙoƙari!" in ji Inna, mahaifiyar Jaratu, baki har kunne.

Iya Hamsatu, mai sayar da atamfa a Mokolo, ta ɗauki turmi guda ta juya bakinsa, ta sake juyawa. Sai guɗa ta maƙale mata.

"Innalillahi! Ai kayana ne! Ga ɗigon shunina nan, duk turmin da ya shigo butik ɗina sai na ɗiga masa. Su ne aka fasa aka kwashe kafin azumi!"

Kafin azahar 'yan sanda sun ɗauki akwati, sun haɗa da ango Nata'ala.

Jaratu ta yi kuka har ta gode Allah. Amma ba kamun kaɗai ke cin ta ba. Kafin azumin nan ta shiga share ɗakin yayanta Ƙasimu, ta ga wani ƙaton ƙunshi a ƙarƙashin gado. Ƙasimu kuwa ba shi da sana'a sai taje gashi da zuwa silima, amma kullum da sabon takalmi.

Washegari ta kai wa Nata'ala abinci komisariya, wato ofishin 'yan sanda. Ta same shi zaune a kan benci, ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa, leɓensa a kumbure.

"Wa ya sayar maka da kayan nan?"

"Jaratu, pardon, bar maganar."

"Yaya Ƙasimu ne ko?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Cewa ya yi na wani abokinsa ne daga Douala, zai yi mini sauƙi tunda an zama ɗaya. Na yarda, ban bincika ba, wautata ke nan. To amma ya zan shiga gidanku neman aure, in fito musu da ɗa a ankwa? Da wane ido zan kalli Inna?"

"Su kuma su ɗaure ka a banza?"

"Bon... Allah na nan."

Haushinsa ya kama ta, sonsa kuma ya ƙaru, duk a lokaci guda. Tana isa gida ta faɗa wa Inna komai. Inna ta yi wuf ta sakaya ƙofa.

"Ki rufa mana asiri, Jaratu! Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Miji ana samun wani, ɗan'uwa fa?"

"Inna, shi ma fa yana da uwa a unguwar Messa, tun jiya ba ta sa komai a bakinta ba."

"To in kin tona, kada ki ƙara kira na Inna!"

Jaratu ta fice daga ɗakin tana kuka. Bayan la'asar ta share hawaye, ta je zaure ta durƙusa gaban mahaifinta, ta zayyana masa abin da ta gani da abin da ta ji. Alhaji Yuguda ya saurare ta har ƙarshe. Sannan ya ƙwala wa Ƙasimu kira.

"Kai ne?"

"Baba, wallahi abokai ne suka—"

"Sa rigarka."

Da ƙafarsa ya taka har komisariya, yana riƙe da hannun ɗansa, jama'a na kallo. Ya ce wa babbansu, "Ni na haife shi, ni na kawo shi. Ku saki ɗan mutane."

Aka yanke wa Ƙasimu zaman gidan yari na wasu watanni, aka mayar wa Iya Hamsatu kayanta. Aka ɗaura aure da lefe na turmi biyu kacal, masu tsegumi suka yi suka gaji. Jaratu ta tare a Messa, zamansu gwanin daɗi, sai dai abu ɗaya: in ta zo gaisuwa, Inna sai ta juya mata baya ta ci gaba da tankaɗe. Jaratu ba ta fasa zuwa ba, ba ta kuma fasa durƙusawa ba.

Abin da Inna ba ta sani ba, duk Juma'a in an sauko masallaci Nata'ala kan ɗaure kwano a bayan mobilet ya kai wa Ƙasimu tuwo. Da bakin Alhaji ta ji, yana faɗa kamar ba da ita yake ba.

Juma'ar da ta biyo, Jaratu ta zo ta tarar da kwano biyu a rufe a bakin madafa.

"Jaratu," in ji Inna, "ɗaya na yayanki ne."

"Ɗayan fa, Inna?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kunyar suruki ta kama ta.

"Na mai kaiwa ne. Ki ce masa Allah ya yi masa albarka... ke ma haka."

Jaratu ta faɗa jikinta, suka yi ta kuka har miya ta huce.

'Yan mata da samari, gaskiya ɗaci gare ta, amma ba ta rushe gida, ƙarya ce ke rushe shi. Wanda ya faɗe ta ya kuma haƙura da fushin nasa, wata rana da bakinsu za su sa masa albarka.