Rabin Aski

Ranar da Maharazu ya fara ganin Fadila, ba irin ranar da mace za ta so a fara ganinta ba ce. Kuncinta na hagu ya kumbura suntum, idon wajen ya kusa rufewa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Sashen haƙori na asibitin da yake aiki a Daura kuwa ya cika, kowa na dafe da kunci yana jiran a kira shi.

Maharazu ma'aikacin haƙori ne, bai daɗe da gama makaranta ba. Kowa Likita yake ce masa, shi kuma bai taɓa musawa ba. Yana da hannu mai kyau da zuciya mai tausayi. Aibinsa ɗaya ne, bakinsa ba linzami.

"Sannu, ƙanwata. Daure ki buɗe mu gani."

Ta buɗe da ƙyar. Ya haska fitila, nan take ransa ya ɓaci. An yi ƙoƙarin cire mata matauni, kan haƙorin ya karye, saiwar ta zauna a ciki, dasashi ya tara mugunya.

"Wa ya yi miki wannan ta'asar?" ya faɗa da ƙarfi, har na kan benci suka ɗago. "Wane jahili ne ya sa awartaki a bakin mutum kamar zai cire ƙusa? Irin waɗannan wanzaman ai ɗaure su ya kamata a yi!"

Hawaye ya gangaro mata. Ya ɗauka zafin ciwo ne.

Sai wani dattijo mai farin gemu da ke tsaye a bakin ƙofa, da zabira rataye a kafaɗa, ya yi magana a hankali.

"Ni ne. Kuma ni ne ubanta. Yi aikinka, yaro."

Ya juya ya fita.

Maharazu ya yi aikinsa, amma kunya ta rufe shi. Ya yi mata allurar kashe zafi, ya fitar da mugunyar, ya zaro saiwar. Ya rubuta magani, ya ce ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ya ba ta lambarsa.

"In kika ga kumburi ya gangara ƙarƙashin haɓa, ko haɗiyar yawu ta gagara, ko baki ya ƙi buɗuwa, kada ki jira gobe. Wannan ya wuce ciwon haƙori."

Ta ɗago ido ɗayan da ke buɗe ta dube shi, auduga a baki, maganarta na fita da ƙyar.

"Ni na roƙe shi ya cire. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, da kansa ya ɗauko ni daga Sandamu. Bai taɓa shigowa asibiti ba sai yau."

Wannan kallon ya bi shi har gida.

Bayan mako guda saƙo ya shigo wayarsa.

"Assalamu alaikum Likita. Kumburi ya sauka, yau har tuwo na ci. Na gode. Fadila ce ta Sandamu, 'yar jahilin nan."

Ya karanta ya sake karantawa. Sai da ya goge amsa sau da yawa kafin ya tura.

"Wa alaikumus salam. Jahilin ai ni ne, ƙanwata. Don Allah ki roƙa mini Baba gafara. Ke ma ki yafe mini."

"Ni na yafe. Na Baba kuwa, ba a aike."

Daga nan hira ta buɗe. Fadila malamar firamare ce, kuma takan zo wajen gwaggonta a unguwar Kusugu in an yi hutu. A ƙofar gidan ya fara ganin fuskarta ba kumburi, sai ya tsaya sororo har ta yi dariya.

"Ba ka gane ni ba ko? Ka saba da mai kunci ɗaya da rabi."

"Wallahi tun a hakan kika tafi da ni, Mai Kumatu."

"Allah ya shirye ka, Yaya Likita."

Sunayen suka zauna. Ba a daɗe ba ya san ba shi da wata mata a duniya sai ita, ita ma ta daina ɓoye masa.

Ya je Sandamu neman gafara. Ya tarar da mahaifin Fadila, Malam Audi, a zaure yana wasa aska. Gidansu gidan wanzanci ne tun kakanni, kuma da wuya a sami magidanci a unguwar da ba shi ya yi masa askin suna ba. Maharazu ya durƙusa ya jero ban haƙuri mai tsawo, har da bayanin ƙwayoyin cuta, don bakin nasa bai gama koyon darasi ba. Dattijon ya saurara har ƙarshe.

"Ba komai," ya ce, ya ci gaba da wasa askarsa.

Duk wanda ya san mutanenmu ya san akwai "ba komai" da ta fi zagi nauyi.

Da magabatansa suka je neman aure, an shimfiɗa musu tabarma, an kawo ruwa da fura, an karrama su. Sannan Malam Audi ya ce:

"Ban ƙi ɗanku don wani aibi ba. Amma 'yar jahili ba ta dace da mai ilimi ba. Ina tsoron ranar da za su saɓa, ya tuna mata ko ita 'yar wace ce."

Magabatan suka dawo jiki a sanyaye. Kawunsa ya dube shi ya ce magana zarar bunu ce.

Ana nan sai labari ya iso cewa wani Saminu, ɗan kasuwa a Kongolam, ya fara zuwa gidan, kuma Malam Audi na sakar masa fuska. Maharazu ya kasa haƙuri, ya tura mata saƙo.

"Mai Kumatu, gaskiya ne abin da nake ji?"

Amsar ba ta zo ba sai da la'asar.

"Yana zuwa, ina fita don Baba ya ce in fita. Baba ba zai tilasta mini kowa ba, amma ya ce kai dai a'a. Yaya Likita, ina son ka, Allah ne shaida. Sai dai mutumin nan saboda ni aka ci masa mutunci a gaban jama'a. Ba zan ƙara masa wani ciwon ba. Ka daina kirana."

Ya daina. Damina ta wuce, aka yi girbi, ya rame har abokan aiki suka fara tambaya. Ya zama mai sanyin magana da marasa lafiya. In an kawo wanda aka sa wa ruwan batir a ramin haƙori, ko wanda ya cusa ƙwaya har dasashi ya ƙone, sai ya yi aikinsa ya yi nasiha a hankali. Darasin ya shiga, sai dai ya shiga a makare.

Wata ranar Asabar da hantsi wayarsa ta yi ƙara. Sunan da ya kasa gogewa ne.

"Yaya Likita, Baba ne. Haƙori ya daɗe yana damunsa yana ɓoyewa. Yanzu kumburin ya sauko ƙarƙashin haɓa, ba ya iya haɗiyar yawu, muryarsa ta canja. Duk abin da ka ce in lura da shi na gani. Ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka asibiti ba. Ina jin tsoro."

Maharazu ya miƙe tsaye. Ya san abin da ke biyo baya: kumburin zai danne maƙogwaro ya toshe numfashi. Ya kira babban likitan sashensu ya shaida masa, ya ari motar abokinsa, ya kama hanyar Sandamu.

Inna Lami, mahaifiyar Fadila, ta tare shi a ƙofar gida, kunya duk ta kau.

"Ɗan nan, mun yi, mun yi. An sa kanumfari, an yi ƙaho, Saminu ya kawo ƙwayoyin kashe zafi. Limamin unguwa ma ya yi magana, ya ƙi. Wanzami dai ba ya son jarfa."

Malam Audi na zaune a zaure, ya jingina da bango, ya naɗe wuya da rawani. Gumi na tsattsafo masa, ga kasko a gefe yana tofar da yawu. Zabirarsa na kusa da gwiwarsa kamar kullum. Fadila na raɓe a bakin ƙofar cikin gida, idanunta sun yi ja.

Maharazu ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya kawar da kai.

Bayani ya cika bakin Maharazu, na maƙogwaro da numfashi da ƙurewar lokaci. Ya haɗiye shi duka. Ya gane cewa mutumin nan ya taɓa sauke girmansa sau ɗaya ya zo wajensa, shi kuma ya taka girman a gaban mutane. Ba zai sake saukewa ba, ko da ransa ne a kai.

Sai ya cire hularsa ya ajiye. Ya matso kan tabarma, ya zauna a gaban dattijon, ya sunkuyar da kai.

"Baba, aski na zo."

Malam Audi ya dube shi tsawon lokaci. Wanzami ba ya korar kan da ya zauna a gabansa, ko na maƙiyi ne. Ya jawo zabira, ya jiƙa gashin, ya shafa sabulu, ya buɗe aska. Fadila ta toshe bakinta da mayafi.

Maharazu ya ji sanyin ƙarfe a ƙeyarsa, ya ji zafin zazzaɓi a tafin da ke riƙe da kansa. Yana jin yadda numfashin dattijon ke fita da ƙyar, kowane jan aska kuma lokaci ne ke tafiya. Ya rufe ido yana addu'a, bai motsa ba.

An aske ɓangaren dama. Da askar ta zo bayan kunne sai hannun ya yi rawa. Zafi ya tsarga masa, jini ya gangaro wuyan rigarsa.

Malam Audi ya tsaya cak. Ya dubi jinin, ya dubi hannunsa. Tun yana saurayi yake riƙe aska, kan jarirai 'yan kwana bakwai ma bai taɓa yanka ba.

"Hannuna..." ya ce da wata murya da ba tasa ba.

"Ba hannunka ba ne, Baba, ciwon ne." Maharazu bai ɗago ba, hawaye na ɗiga kan tabarma. "Na ba ka wuyana ban ji tsoro ba, don na san gwani ne ya riƙe. Ka ba ni amanar naka na yini ɗaya. In ka warke, ka hana ni Fadila, wallahi ba zan sake tako ƙofar nan ba. Amma kada ka bar ta marainiya saboda bakina."

Fadila na kuka ƙasa-ƙasa. Dattijon ya goge askar a hankali, ya naɗe ta, ya mayar cikin zabira. Sannan ya miƙo hannu a tashe shi.

A zaune aka kai shi, don Maharazu ya hana a kwantar da shi. A Daura aka sa masa ƙarin ruwa da allurai, babban likita ya duba ya ce a wuce Katsina ba tare da ɓata lokaci ba. Can aka yi masa aiki, aka fitar da mugunyar, aka cire haƙorin. Likitocin suka ce da an ƙara kwana, da sai dai wani labarin.

Maharazu ya yi ta zirga-zirga tsakanin Daura da Katsina, amma bai ko ɗaga ido ya dubi Fadila ba, don ya yi alkawari. Hularsa kuwa ba ta barin kansa, ko a wajen aiki.

Ranar da aka sallamo su, saƙonta ya shigo.

"Mun dawo gida. Ya sha kunu da kansa. Ka je a ƙarasa maka askin nan mana, Inna ta ce kamar gonar da aka nome rabi."

"Wanda ya fara shi zai ƙarasa, Mai Kumatu. In bai ƙarasa ba, haka zan zauna."

Makonni suka shuɗe. Saminu, da yake mutumin kirki ne, ya ga inda zuciyar yarinyar take, ya janye da kansa. Amma daga Malam Audi ba a ji komai ba.

Sai wata Juma'a da safe aka aiko Maharazu ya zo Sandamu.

Ya tarar da dattijon a zaure, ya rame, ga tabon aiki a ƙarƙashin gemu, amma idonsa ya dawo. Ya nuna masa tabarma.

"Cire hular."

Ya cire. Gefe guda gajere, gefe guda dogo. Malam Audi ya girgiza kai, murmushi ya kusa ƙwace masa.

"Haka kake yawo da aikina a gari, kana ɓata mini suna karo na biyu?"

Ya jiƙa, ya shafa sabulu, ya ja aska. Hannun bai yi rawa ba ko kaɗan. Da ya zo kan tabon bayan kunne sai ya ɗan dakata, ya shafa shi da babban yatsa.

"Ni na ji maka ciwo, kai ka ji mini. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma baki ɗaya suke kwana. Awartakin nan na jefa shi a rijiyar da aka daina sha. Duk mai ciwon haƙori da ya zo, wajenka zan turo shi." Ya share askar. "Ka shafa da kyau ka ji, don wannan ne na ƙarshe da zan yi maka."

Maharazu ya ɗago kai da sauri. "Baba, na sake yin wani laifin ne?"

"A'a. Daga yau kunya ta shiga tsakaninmu. A ina ka taɓa ganin mutum ya riƙe kan surukinsa? Ka turo magabatanka."

Daga bayan ƙofa guɗar Inna Lami ta tashi. Maharazu ya kifa sabon askinsa a kan gwiwar dattijon yana kuka kamar yaro.

Bayan ƙaramar Salla aka ɗaura aure a ƙofar gidan wanzamai, jama'a har bakin titi. Da aka shafa fatiha, ango ya ji wayarsa ta motsa a aljihu.

"Alhamdu lillahi. Yaya Likita, na zama taka. Baba ya ce in gaya maka ka nemi wanzami, amma askin sunan ɗanmu na fari nasa ne, ba ya bar wa kowa."

Ya ɗaga kai ya hango Malam Audi cikin dattawa. Idanunsu suka haɗu, sai kowannensu ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, ya ja kwanan Malam Audi har ya riƙe kan jikokinsa. Amin.