Ɗakin Da Ba Ya Fitar Da Ƙara

Gindin bindiga ya sauka a ƙeyar maigadi — ƙum! Dattijon ya tafi luu ya kifa a kan siminti, butarsa ta mirgina gefe. Kwalba ya ƙara masa ɗaya, ya sake ƙarawa, har jini ya fantsamo masa a gaban riga. Ƙarfe sha ɗaya na safe ne, rana fes, makwabta duk sun tafi aiki.

Kunne yana tsaye da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ba haka aka yi da shi ba. Cewa aka yi ɗaure mutumin kawai za a yi. Ya buɗe baki zai yi magana, Gatari ya ɗora masa hannu a wuya kamar mai lallashi, ya matse.

"Wuce mu je, suruki. Kai ne ɗan gari."

Gatari yayan matar Kunne ne, kuma shi ne ogan wannan tafiya. Su huɗu suka zo. Kwalba ne mai duka, gajere mai jajayen idanu. Birki direba yana waje cikin mota, an bar shi da umarni guda: in ya hango 'yan sanda ya danna hon sau uku. Na huɗun shi ne Kunne, wanda bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Sana'arsa haɗa lasifika a gidajen masu hali. Shekara goma sha huɗu yana yi, kuma sunan ya samo asali ne daga baiwarsa, don in waya ɗaya ta saki a bayan amfilifaya, na'urar da ke ƙara ƙarfin sauti, daga bakin ƙofa zai gaya maka ta hagu ce ko ta dama.

Bakinsa ne ya ja masa, ba kowa ba. Mako uku ya yi yana gyara wa wani tsohon likita ɗakin sauraro. Bango biyu da soso a tsakani, kafet mai kauri, labule har ƙasa, ga ƙofa mai roba a gefe kamar ta firji. Maimakon ya yi aikinsa ya kama bakinsa, sai ya dinga zuba a gida cewa lasifikan da aka kawo daga waje kowace ɗaya ta fi mota tsada. Matarsa ta ba yayanta labari don nishaɗi. Kwana biyu sai ga Gatari da murmushi da alkawarin buɗe masa shago nasa na kansa. Kunne ya ji tsoro, amma gaskiya kwaɗayi ma ya taka rawarsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa, cewa ba za a taɓa tsohon ba, Gatari ya rantse har da dafa ƙirji. Abu ɗaya kuma Kunne ya ɓoye bai faɗa ba: likitan yana da 'ya ma'aikaciyar jinya da take barci a saman bene in ta dawo daga aikin dare.

Suka bi baranda zuwa ɗakin. Gatari ya sa Kwalba ya tokare ƙofar da guntun katako, don a ji hon in an danna.

Likita yana zaune a kujera ɗaya tal da ke tsakiyar ɗakin, sandarsa a kan cinya. Idanunsa sun kusa tafiya gaba ɗaya, inuwa kawai yake gani. Bai ji komai na abin da ya faru a bakin get ba. Ya juyo da fara'a.

"Ɗana, ka iso? Tun asuba nake zaune kamar yaron da aka yi wa alkawarin keke. Waɗannan su ne masu taya ka ɗauka?"

"Su ne, Baba," in ji Kunne.

Tsohon ya yi musu sannu da zuwa, har yana ba su haƙuri wai kayan da nauyi. Bindigar Gatari tana taku uku daga fuskarsa, bai gan ta ba. Kwalba ya toshe baki yana dariya.

Da so samu ne da sun kinkimi akwatunan lasifikan sun fita. To amma mai sayen kayan ya ce ba zai karɓa ba sai ya ga bidiyonsu suna aiki, don an taɓa kai masa akwati cike da bulo. Dole sai an haɗa. Gatari ya nuna agogo, ya ɗaga yatsu goma.

Suka fasa akwatunan. Lasifika biyu baƙaƙe masu sheƙi, kowace ta kai kafaɗar mutum, sai da su ukun suka haɗu suna nishi kafin ɗaya ta miƙe. Kunne ya durƙusa ya ɗaura musu ƙafafunsu, wasu ƙusoshin ƙarfe masu tsini kamar tsinken nama, waɗanda ke huda kafet su kama ƙasa. Ɗaya ta yi saura a cikin leda, ya jefa ta aljihu kamar yadda ya saba. Ya ja tef ɗin awo. Daga bangon baya zuwa lasifika taku uku. Daga ta hagu zuwa ta dama, daidai da daga kowace zuwa kujerar tsohon. Ya ɗan karkato fuskokinsu su kalli kujerar. Jar waya a jan rami, baƙa a baƙi. Abin haushi, yana taɓa aiki ya manta da komai. Har ya koma ya matsar da ta dama da faɗin yatsa biyu, Gatari yana harararsa kamar ya cinye shi.

Likita kuwa sai hira yake. Ya ce yana da wani tsohon kaset na marigayiya matarsa tana rera wa 'yarsu waƙar barci, an mayar masa da shi faifai, shi yake so a fara sawa. Ya ce tunda ido ya tafi, kunne ya rage masa. Sai kuma ya ɗaga hanci.

"Wa ya ji ciwo a cikinku?"

Kwalba ya kalli gaban rigarsa.

"Shekara arba'in ina fiɗa, na san ƙarnin jini. Ɗana, ina maigadina?"

Gatari ya yi tsaki, ya ce wasa ya ƙare. Ya kai wa tsohon mari da bayan hannu — tas! Tabarau ya yi sama. Kwalba ya fizge sandar, ya sauke ta a gwiwar tsohon, sau ɗaya, sau biyu, sandar ta karye. Gatari ya cusa masa bakin bindiga a ƙarƙashin haɓa yana tambayar inda akwatin ƙarfen gidan yake. Likita ya ce babu, aka ƙara masa naushi a baki, haƙori ya faɗo kan kafet.

"Yaya, ka rantse min!" Kunne ya yi kansa.

Ƙafar Kwalba ta same shi a ciki, ya dunƙule a gindin amfilifaya yana neman numfashi. Abin da ya fi dukan ciwo shi ne tsohon bai zage shi ba. Juyo da fuska kawai ya yi wajen da ya ji muryarsa, jini na bin gemunsa.

A sama kuwa, 'yar likita ta riga ta farka tun faɗuwar buta. Ta leƙa ta taga ta ga maigadi kwance cikin jini, ta shige banɗaki ta murza makulli, ta kira 'yan sanda tana raɗa. Mota biyu suka taso.

A ɗakin, Gatari ya ce a kunna a ɗauki bidiyon a wuce wurin. Ya ja Kwalba can lungu ya kai baki kunnensa. Ya manta ɗakin da yake ciki, ya kuma manta wanda ya gina shi. Ɗaki ne da ba fanka, ba amsa-kuwwa, ba ƙarar titi. Kunne ya ji kowace kalma tar.

"Ana gama bidiyo, duka biyun. Tsohon ya san shi, shi kuma bakinsa ba ya rufuwa. Ƙanwata ta yi kuka ta gaji."

Ashe tun ranar da aka dafa ƙirji an gama da shi. Yana durƙushe da waya a hannu, sai kunnensa ya tsinko wani abu ta ƙofar da ke buɗe, can nesa, siriri kamar kukan sauro. Jiniya ce. Ya saci kallon su biyun. Ba su ji ba, kuma ya san sai nan da minti guda kunnen mutum irin nasu zai kama ta.

Ya ce da Gatari sautin ba zai fito a bidiyo yadda ya kamata ba in ƙofa na buɗe, duk nauyinsa zai tsere ta baranda, mai saye ya ce jabu ne. Ya ƙara da cewa in an rufe ta, ko bom aka tayar a ciki ba mai ji a waje.

Nan ne idon Gatari ya yi haske. Abin da yake nema ke nan, wurin da zai yi harbi biyu ba makwabcin da zai leƙo. Da ƙafarsa ya shure katakon. Ƙofar ta tafi a hankali ta manne — fuf.

A waje Birki ya hango motar farko ta shawo kwana. Ya danna hon sau uku. Ya sake danna uku. Ya kwanta a kan hon ɗin gaba ɗaya har karnukan layin suka ɗauka. Ba wanda ya fito. Ya zage su tas, ya ba mota wuta, bai kai ƙarshen layi ba ta biyun ta tare shi, harsashi ya fasa gilashi ya shiga kafaɗarsa.

A ciki ko motsin wannan ba a ji ba. Gatari ya ɗaga waya yana ɗauka da hagu, bindiga a dama. Kwalba ya jingina da lasifikar hagu yana washe baki. Kunne ya zare faifan marigayiya da ke cikin na'ura ya ajiye gefe, ya sa na gwaji, mai ƙara ɗaya tsagwaronta wadda ake auna ɗaki da ita. A ƙa'ida ba a wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin sautin. Ya ce, "Baba, toshe kunnenka." Ya murɗa maɓallin har ƙarshe.

Ɗakin ya fashe! Ƙarar ta daki ƙirji kamar an jefo buhun siminti. Wayar Gatari ta suɓuce. Kwalba, da kansa ke jikin lasifikar, ya dafe kunnuwa ya durƙushe yana ihun da ba a ji. Kunne ya taso da gudu ya sa kafaɗa — lasifikar ta yi tangaɗi, ta rikito a kan bayan Kwalba. Ƙafafunsa suka yi shure-shure suka saki.

Gatari ya harba! Harsashi ya yage soson bango. Ya juya bindigar kan kujera, kan tsohon. Kunne ya faɗa masa, suka zube tare. Gatari ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ya haye kansa, ya kafa masa gwiwa a ƙirji, ya sauke masa goshi a hanci — ƙashi ya ba da ƙas! Kunne ya riƙe hannun bindigar da hannu ɗaya yana turewa, bakinta na gogar kuncinsa. Ta tashi a jikin kunnensa na dama. Suka mirgina, ta sake tashi a na hagu. Ɗaya hannun nasa ya lalubo aljihu, ya ci karo da ƙusar nan da ta yi saura. Ya damƙe ta, ya luma a wuyan Gatari, ya zare, ya sake lumawa.

Jini mai zafi ya wanke masa fuska. Gatari ya saki bindiga ya dafe wuya, idanunsa a waje, yana kallon mijin ƙanwarsa kamar bai taɓa ganinsa ba. Ya kife a gefe.

Kunne ya ga ƙofa ta buɗe. Ya ga 'yan sanda sun shigo da bindigogi, bakunansu na buɗewa suna rufewa. Ya ga 'yar likita ta faɗa kan mahaifinta. Ya ga fatar lasifikar dama tana ta rawa, alamar har yanzu tana ƙara. Ya yi mamakin wanda ya kashe sautin. Sai da ya shafa kunnensa ya ga jini a yatsunsa, sannan ya gane ba wanda ya kashe komai.

Maigadi bai kai asibiti ba. Kwalba ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya motsi. Birki ya tona kowa tun kafin a tambaye shi. Matar Kunne ta zo sau ɗaya, ta tsaya a bayan wayar ƙarfen da ke raba ɗaurarru da baƙi ta yi magana mai tsawo tana kuka, ta tafi. Har yau bai san ko tsine masa ta yi ko yafe masa ba. Alƙali ya ba shi shekara goma sha biyu, sai rubuta masa aka yi a takarda ya karanta.

Wata na biyar a gidan yari aka kira shi ɗakin ziyara. Likita ne a keken guragu, 'yarsa na tura shi. Ɗaya ba ya gani, ɗaya ba ya ji, sai 'yar ce ke rubuta abin da uban ya faɗa tana manna masa a jikin wayar ƙarfen. Takarda ta farko ta ce: "Ka ceci raina, na sani. Amma maigadina shekara ashirin muna tare, kai ka buɗe musu ƙofa. Wannan ba ni ke da ikon yafe shi ba." Kunne ya gyaɗa kai, hawaye na zuba, don gaskiya ce.

Ta biyun ta ce an gyara lasifikar, mutum uku sun zo sun jera su, amma muryar marigayiya ta ƙi tsayawa a tsakiya, kullum tana karkata gefe. Me za a yi?

Ya karɓi biro. Ya rubuta taku uku daga bango, a karkato su su kalli kujera, sannan a matsar da ta dama gaba da faɗin yatsa biyu, saboda kunnen Baba na dama ya fi rauni, ya lura tun ranar farko. 'Yar ta karanta wa uban. Tsohon ya ɗaga hannu aka juya keken.

Da aka mayar da Kunne ɗakinsa, ya tsaya a tsakiya kamar yadda ya saba yi a duk ɗakin da ya shiga shekara goma sha huɗu, don ya ji yadda bango ke amsawa. Ya tafa hannu sau ɗaya. Ya ga tafukan sun haɗu.