Lanhon Harisu

"Kaltume, ɗago ki dube ni!"

Ban ɗago ba. Hannuna na cikin faifan wake ina tsince tsakuwa da mai huji, kamar ban ji ba. Alhali ko tari ya yi cikin mutum ɗari, sai na gane Harisu ne.

"Kwana goma sha biyu," ya ce. "Kwana goma sha biyu ana buga ƙarfen hutu, ina zuwa bayan sito in zauna ni kaɗai... ba ki zuwa."

"Aiki nake."

"A lokacin hutu? Wa ke aiki lokacin hutu in ba mai son a gan shi ba?"

"Wa zai gan ni?"

Ya waiwaya ya dubi rumfar Mushe Sabo, komin wurin, wato malamin da ke riƙe da sikeli da littafin biya. Gogan yana kishingiɗe, ya ɗora ƙafa kan buhu, yana mana murmushi.

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi!

Shekarar nan gyaɗa ta ƙi, aka koma wake. Wani attajiri ya buɗe wurin saye a Magariya, yana ɗaukar yara aikin kaka, wata uku a sallame mu. Mu 'yan mata tsinta, a biya mu kan kowane kwano. Samari dako, a biya su kan buhu. Ni ina da sha bakwai, daga Yekuwa na zo na sauka wajen Goggo. Harisu yana da sha tara, ɗan Guci ne, maraya, ba shi da komai sai gonar da mahaifinsa ya bari. Hutunmu guda ne tak, daga kiran azahar zuwa a sake buga ƙarfe. A ɗan tsakanin nan muke salla, mu sha fura, mu yi hirar da ta hana ni sukuni har yau.

To, Mushe Sabo ya san da mu, kuma ya sa ido a kaina. Duk ranar biya sai ya yanke wa samari kuɗi, ya ce na lanho ne, wato haraji, shi zai kai wa masu garinsu. Na kowa ya kai. Na Harisu ya bi iska. Sai ga saƙo daga Guci cewa sunansa ba ya cikin waɗanda suka biya, in kaka ta wuce dogarai za su shanya shi a rana a ƙofar fada. Harisu ya je wajen komi, komi ya ce, "Ina takardarka?" Wace takarda, bayan ba wanda yake ba?

Lanhon dala ɗari biyu da hamsin ne. Na ƙirga da yatsuna, na ga in na daina hutu, kwanon da zan ƙara kullum zai haɗa su kafin a sallame mu.

Ku ce don me ban gaya masa ba? Haba! Budurwa ta dubi saurayi ta ce ni zan biya maka lanho? Ai gara ki zage shi a kasuwa. Kuma na san zuciyar Harisu, ko zai mutu ba zai karɓa ba.

"Sabo ya ce ke kika roƙe shi ya bar ki kusa da rumfarsa," in ji Harisu. "Ki ce mini ƙarya ne, abar raina. Kalma ɗaya kawai."

Da ya tsaya a "abar raina", da na narke. Amma ya yarda da maganar Sabo a kaina? Ni?

"Tunda ka ji daga bakin mai littafi, ai shi ke nan," na ce.

Ina ganin yatsun ƙafarsa, duk sun tsage da dako.

"Allah ya ba ki wanda ya fi ni, Kaltu."

Washegari ba a gan shi ba. Aka ce ya tsallaka iyaka, ya yi Kano.

Na yi kuka har Goggo ta gaji da ni.

"Ke dai ba ki da wayo," ta ce. "Ɗan dako, mai gudun lanho! Yau in an ce ina gidansu, wa za ki nuna? Ga komi da albashi da keke yana aiko da sabulu, kina ta hura hanci."

"Goggo, a mayar masa da sabulunsa."

"Uwar taurin kai! Haka uwarki take."

Amma ta mayar.

Abin da ya fi tsorata ni, wata 'yar Guci da muke tsinta tare ta ce mini a garinsu in mutum ya yi shekara biyu ba a biya masa ba, maigari yakan soke sunansa daga littafi, gonarsa kuma a ba wanda zai riƙa biya. Wato in sunan ya fita, Harisu ba shi da abin da zai dawo dominsa.

Ban koma hutu ba. Me zan je yi bayan sito?

Ranar da aka sallame mu na ce wa Goggo zan je gida, na hau kamyon, babbar motar 'yan kasuwa, sai Guci. Na sami Maigari Hambali a zaurensa, dattijo mai farin gemu da ido ɗaya mai hakiya. Na durƙusa, na kwance bakin zanena.

"Baba, na Harisu ɗan marigayi Tamu ne."

"Ke wace ce tasa?"

Na tura masa kuɗin, kunya kamar in nutse.

"Baba, don girman Allah kar ka faɗa wa kowa. Ko shi."

Ya dube ni da idon nan mai kyau, ya ce, "Na ɗauka, 'yata."

Shekara ta zagayo, na koma tsinta. Attajirin ya kori Sabo, don asirinsa ya tonu a kan sikeli, ko Allah ya kyauta ban ce ba. Sabon komi ya ga ba na tashi in an buga ƙarfe, ya ce, "Yarinya, ki huta mana, jiki ba ƙarfe ba ne." Na ce masa na gode. Duk kamyon da ya shigo daga kudu sai na ɗaga kai in duba masu saukowa. Duk wanda ya dawo ci-rani sai na aika a tambaye shi. Wani ya ce ya gan shi yana jimar fata, wani ya ce yana tura kura a Fagge. Ba wanda ya ce ya tambaye ni.

Ina kewarsa. Ina kewarsa har abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Wani lokaci in ji haushinsa in ce Allah ya ƙara, can kuma in ce ko ya ci abinci yau?

Na sake kai na shekara ta biyu. Masu neman aure biyu suka zo, na ce a ba ni lokaci. Ƙawayena duk sun yi ɗaki, ana ce mini kwantai a bayan ido, ina ji.

A kaka ta uku, ranar kasuwar Magariya, mai shela ya buga ganga ya ce gwamnati ta yafe lanho. Kasuwa ta kaure da guɗa! Tsofaffi na ɗaga hannu sama, wani mai goro ya yi ta rabawa kyauta. Ni kuwa na zauna kan buhu na fashe da kuka.

"Ke lafiyarki?" in ji Goggo. "Duniya na murna!"

Ta ina zan fara? Abu ɗaya ne ya rage tsakanina da shi, in wahala wata uku in kai, in ji a raina har yanzu ina da shi. Shi ma an karɓe mini.

Ranar na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara biyu ba hutu? Wanda aka yi wa wannan, ko ba ya so ya zama namu. Tashi ki wanke fuskarki."

Da aka sallame mu a ƙarshen kaka, kuɗin shekara ta uku na ƙulle a zanena. Na san ba za a karɓa ba, amma na hau kamyon sai Guci, zauren Maigari.

"Baba, na kawo."

"Ba ki ji shela ba, 'yata?"

"Na ji. Ka karɓa dai... ko ka buɗe littafin ka karanta mini sunan in ji. Ni ban iya karatu ba."

Maigari ya yi gyaran murya. "Tun da aka yafe, masu gudu suke ta dawowa. Wani ya zo mini da kuɗin shekara biyu yana ba da haƙuri, na ce ba a bin ka ko dala. Ya ce wa ya biya? Na ce na yi alkawari. Amma na ce masa, mai biyan nan, ko an yafe sai ya zo. Kasuwa huɗu ke nan yana kwana a garin nan yana jira."

Sai na ji tari daga bayan ƙyauren zaure.

Harisu ya fito.

Ya rame, ya yi baƙi, ya tara ƙasumba. Ya dubi ƙullin da ke hannuna, ya dubi yatsuna da wake ya cinye.

"Kaltu... ke ce?"

"A'a, aljanu ne!"

Na so in ƙara, in zazzage masa duk abin da na tara shekara biyu, amma ya riga ni. Shi ma ya durƙusa nan gaban Maigari, ƙato da shi, hawaye na bin ƙasumbarsa.

"Kullum sai na yi niyyar aiko miki da saƙo, sai in ce matar komi ce yanzu. Ki yafe mini, hasken idona. Ban cancanta ba."

"Ba ka cancanta ba," na ce. "Amma kar ka sake tafiya. Don Allah, Harisu, na gaji."

Maigari ya turo mini ƙullina da sandarsa. "Wannan ba na gwamnati ba ne kuma. Ku sayi goro da shi, ni zan je Yekuwa in nema masa."

Na ɗauke abina na mayar bakin zane na ƙulle tam. Goron neman aurena kuma ni zan saya? Shi ya saya, ƙwarya biyu. Ni kuwa a hanyar komawa na jingina da buhu cikin kamyon, rana tsaka, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina da sha bakwai.