Fenti Ba Ya Hawa Sama

Akwati ɗaya. Takardar digiri a cikin leda. Maganin Baba, kwalba uku. Takalmin sanyi da ba zan ƙara sawa ba. Sai wani dogon bututun kwali, da zane huɗu a naɗe a cikinsa.

Abin da na dawo da shi ke nan bayan shekara biyar ina karatu a ƙasar waje. Duk suna bayan motar Dogo, tsakanin katako da gwangwanin gam, ban da bututun. Shi na rungume a cinya.

"Auta, jariri ne a ciki?" in ji Dogo.

"Kalli hanya."

"Shekara biyar ina kallon hanya, rabin raina. Yau dai bar ni in kalli wadda ta biyo ta."

Ban yi dariya ba, amma na kawar da kai don kada ya ga bakina.

Dogo kafinta ne. Tun kafin in tafi muke tare, tun lokacin kuma Baba ya ce a'a. Baba mai fenti ne, ya yi shekara talatin a kan tsani kafin ɓarin jikinsa na hagu ya shanye bara.

"Ya sauko a kan maganarmu?" na tambaya.

"Ko taki ɗaya. Ya ce bai shaƙi warin fenti don 'yarsa ta ƙare a ƙurar katako ba."

"Ka san ba zan yi aure ba da yardarsa ba."

"Na sani." Ya sha kwanar shataletale. "Amma gida sun matsa, Auta... Ba zan iya ce musu su ƙara wata shekara ba."

Washegari na warware zanukan a tsakiyar falo. Mama ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ruwa ne ya shiga?"

"Haka suke, Mama."

"Haka suke? Ina mutum, ina bishiya? Wannan ai bangon da Babanki yake goge buroshi ne!"

Na yi mata bayani a taƙaice. Kwafi ne, na ainihin suna wani babban gidan adana zane a can. Waɗanda suka yi su, kimanin shekara saba'in da suka wuce, sun daina zana fuska da gida, suka tsaya kan launi kawai.

"To Allah ya ba su lafiya," in ji Mama.

Abin da ban gaya mata ba shi ne labarin babban cikinsu: ja mai duhu kamar garwashin da ya fara mutuwa, baƙi ya danne rabinsa, da siririn layi rawaya a tsakani. Ranar da na fara tsayawa gaban na ainihin, na kasa wucewa. Na zauna a benci har mai gadi ya zo ya ce za su rufe. Daga nan duk mako sai na je.

Baba yana kujerarsa ta gefen taga. Bai ko ɗago ba.

Dogo na ba wa aikin firam. Tun a can na yanke farin gefen babban zanen don ya shiga bututu, rubutun ƙasansa ya tafi da shi, sai na zana kibiya da fensir a baya don a san sama. Da na nemi izinin Dogo ya shigo ya rataya, Baba ya ce, "Aiki ne. Ya shigo."

Dogo ya zo da hantsi, ya durƙusa ya gaida Baba, aka amsa masa da kai. Uku suka hau bango lafiya. Falon ya canza nan take, kamar an ƙara masa tagogi. Har Mama ta gyara zaman labule.

Da ya ɗaga na huɗun, babban, sai na ga baƙin a sama, saɓanin kibiyata.

"Ka juya shi," na ce.

"Daidai yake."

"Na yi maka kibiya!"

"Na gan ta."

"Ka gan ta, ka sa maratayi a ɗaya gefen? Dogo, shekara nawa na yi ina kallon zanen nan? Kai kwana nawa?"

"Biyu, ranki ya daɗe."

"To juya shi!"

"Masoyi..." Ya haɗiye sauran, ya saci kallon Baba. "Auta, ki yi haƙuri. Ba zan juya ba."

"Ku kawo shi nan."

Muryar Baba ce. Tun da ciwon ya same shi magana take yi masa nauyi, shi ya sa ba ya ɓarnarta.

Dogo ya jingina zanen da tebur a gabansa. Baba ya sa tabarau, ya sunkuya. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, yatsansa yana bin gilashin ba tare da ya taɓa ba. Sama, ƙasa, gefe. Mun daɗe a tsaye. Ana jin ƙarar firji daga kicin.

"Auta, matso. Me kika gani nan?"

Na durƙusa. A gefen baƙin akwai wasu siraran zare uku da suka zubo cikin jan, kowanne da ɗan ɗigo a ƙarshensa. Ban taɓa lura da su ba.

"Fenti ne ya zuba," na ce.

"Ina ya nufa?"

"Ƙasa."

"In aka bi kibiyarki fa?"

Na juya zanen a zuciyata, sai zaren suka nufi sama.

"Fenti ba ya hawa sama, 'yar boko."

Mama ta saki dariya har da tafi. Baba bai ji ta ba, ya riga ya koma cikin zanen.

"Kore ya fara sawa," ya ce a hankali. "Ga shi yana leƙowa ta gefe. Sannan ja, hawa biyu... uku. Bai jira ya bushe ba ya ɗora baƙi. Da gangan ne. Dubi nan, buroshin ya ƙare, bai tsoma ba, ya ci gaba da ja." Ya girgiza kai. "Ikon Allah! Shekara talatin ina ɓoye sawun hannuna kada mai gida ya gani. Wannan bawan Allah ya bar nasa a fili, har ya iso falona."

Idonsa ya kawo ruwa. Ban taɓa ganin haka ba, ko ranar da aka kwantar da shi a asibiti. Ni da na yi jarrabawa a kan zanen nan, na tsaya gefe kamar baƙuwa.

Ya ɗago ya dubi Dogo. Ina jin wannan ne karo na farko da ya dube shi sosai.

"Ka san za ta yi faɗa?"

"Na sani, Baba."

"Me ya hana ka bin kibiya ka huta?"

"Na ɗauki ƙusa sau biyu, hannuna ya ƙi. Wanda ya yi shi ya sha wahala, Baba. Bai kamata in kifa masa aiki ba."

"Ko da za ka rasa ta?"

Dogo ya dube ni. "Da na ba ta haƙuri har ta gaji... amma da ban juya ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya lalubo sandarsa.

"Wannan ba na falo ba ne. Kai shi ɗakina. Ka sauke shi ƙasa-ƙasa, daidai inda zan gan shi daga gado."

Dogo ya ɗauki zanen da hannu ɗaya, ya ba Baba ɗaya kafaɗar. Baba ya dafa. Ni da Mama muka tsaya a baranda muna jin bugun guduma, da muryar Baba yana cewa, "Hagu kaɗan... ya isa."

Dogo ya fito yana share gumi. Na matsa zan shiga, Baba ya sa sanda ya tura ƙofar ta rufe a gabana.

Muka tsaya cirko-cirko. Can muryarsa ta fito daga ciki.

"Kafinta!"

"Na'am, Baba!"

"Ka turo manyanka ranar Asabar. Na ba ka ita. Yanzu ku bar ni in yi kallo."