Awa Biyun da Suka Ɓace

Auren Auta ya kusa rushewa saboda laifin da iyaye ba sa yafewa. Girman laifin awa biyu ne.

Saurayinta, wanda gidan ke kira Injiniya, yana aiki a wani birni mai nisan gaske. Ranar da ya zo gaisuwa, Baba ya tambaye shi awa nawa ya yi a jirgin sama. Ya ce goma sha uku. Da ya koma, Baba ya sake tambayarsa a waya, ya ce goma sha ɗaya.

Baba tsohon safiyo ne. Shekara talatin yana awon filaye, bai taɓa ganin filin da tsawonsa ke sauyawa don an juyo daga ɗaya gefen ba. Ya tara iyalinsa a falo.

"Ba zan ba maƙaryaci 'yata ba."

"Baba, wallahi iska ce!" in ji Auta. "In za a tafi tana tura jirgin ta baya, in za a dawo kuma tana tare shi. Ga shi nan a waya, ka duba!"

"Wa ya saya miki wayar?"

Auta ta ɓoye wayar da Injiniya ya saya mata a bayanta.

Mama ta ce, "Haba Malam, a kan awa biyu?"

"Yau awa biyu ya ɓoye. Ki bari a ɗaura, ki ga abin da zai ɓace."

Gwaggo, wadda ba wanda ya tambaye ta, ta ce ita dai abin da take son sani shi ne ina yake tsayawa a hanya, kuma wa yake gani.

Sati uku Auta ba ta zauna wuri ɗaya ba. Daga ɗaki zuwa kicin, daga kicin zuwa bakin ƙofa, ta ɗauki tsintsiya ta ajiye, ta ɗora ruwa ta manta. Injiniya ya turo taswira, ya turo lissafi, har bidiyon wani matuƙin jirgi ya turo.

"Ko mu kai ƙararsa wajen kawunki?" ya tambaye ta.

"A'a! Mahaifina ne. Zan jira."

Ta jira tana kuka, amma dai ta jira.

Daga ƙarshe Baba ya ce shi ba ya sa hannu a kan awon da bai yi da kansa ba. Ya ɗauki agogonsa da ƙaramin littafi ya hau jirgi. Auta ta yini tana bin ɗan jirgin da ke rarrafe a fuskar wayarta, tana ta zagin netwok. Shi kuwa Baba, an ce ko shayi bai karɓa ba, don kada idonsa ya bar agogo.

Ya kwana biyu ya dawo, ƙafafu a kumbure. Ya zauna, ya sha ruwa, ya buɗe littafin a hankali kamar alƙali.

"Zuwa, sha ɗaya da minti shida. Dawowa, sha uku ba minti huɗu." Ya rufe. "Yaron bai yi ƙarya ba. A sa rana."

Mama ta rangaɗa guɗa, Auta ta durƙusa tana hawaye, Gwaggo ta ce ai ita dama ta san yaron kirki ne.

Darasin a fili yake: yarinyar da ta yi haƙuri da iyayenta za ta sami wanda take so, ko da sai an kai mahaifinta wata nahiya an dawo da shi.

"To Baba, yanzu ka yarda iska ce?" in ji Auta.

"Wace iska? Tagogin a rufe suke."

A shafin ƙarshe na littafin ya rubuta sakamakon awonsa, ya sa hannu da kwanan wata: garin Injiniya a gangare yake.