Fijon Alhaji Babaji

Muhsin yana kwance rabin jikinsa a ƙarƙashin sitiyarin wata tifa, yana tsine wa wanda ya yi mata wayarin a zuci, sai ya ji sallamar mace a bakin gareji. Ya zaro kai da niyyar cewa ba sa sayen kunu. Yana ganinta ya fasa.

Doguwa ce, da mayafi ruwan toka, ta rungume wani ɗan akwati kamar jariri.

"Kai ne Muhsin mai wayarin? An ce duk Potiskum kai ne ba ka taɓa ƙona motar kowa ba."

"Haka suke faɗa, ranki ya daɗe. Me ya lalace?"

Sunanta Raudatu, 'yar Alhaji Babaji dillalin shanu na unguwar Yerimaram, Kanawan asali. A shekarar 1997 ɗin nan ta sami aiki da masu haƙa rijiyoyin burtsatse, aikinta zaga ƙauyuka tana rubuta inda za a haƙa. Baban bai so ba ko kaɗan. Sai da ta yi kuka ya yarda, da sharaɗin a Fijonsa za ta dinga fita, kuma direbansa Tanko ne zai ja.

Ta buɗe akwatin. Wata na'ura ce kamar ƙaramar rediyo, mai fuskar gilashi.

"Da tauraron ɗan'adam take magana, ta gaya maka inda kake tsaye a doron ƙasa. Amma cin batir gare ta kamar me! Kafin azahar ta mutu. So nake a ɗaura ta a mota, ta dinga shan wuta daga can."

Muhsin bai taɓa ganin irinta ba, kuma bai ɓoye ba. Ita ta dinga karanta masa littafin da Turanci tana fassarawa, shi yana gwadawa. Ya lanƙwasa fallen ƙarfe ya yi mata mazauni a kan dashbod, dab da gilashin gaba, don in ba ta ga sama ba ba ta aiki. Ramin kunna sigarin Fijon ya daɗe da mutuwa, sai ya jawo waya tun daga batir, ya sa mata ɗan fiyus a hanya, ya naɗe da tef. Da aka kunna ta yi shiru tana lalube, can sai lambobi suka fito.

"Ga mu nan!" Raudatu ta yi tsalle. "Ga garejinka a duniya!"

Aikin da bai fi na yini ɗaya ba, wai sai da Fijon nan ta yi ta dawowa gareji. Yau noti ya kwance, gobe eriya ta karkace. Tanko dai ido ne nasa. Ranar da ta kasa zuwa, sai ta bar kaset a rediyon motar, Tanko ya kawo ta, Muhsin ya kunna ya ji muryarta:

"Injiniyana, ina gajiya? Na'urarka lafiyarta ƙalau, ni ce dai babu lafiya. Yau a Fika ta gaya min inda nake, na ce mata ba shi na tambaya ba, inda kake nake son sani. Ka ci abinci, ka daina goge hannu a riga."

Ya juya kaset ɗin ya amsa, yana in-ina kamar ba shi ba:

"Raudar raina, ni ban iya magana ba. Ina nan inda kika bar ni. In kin yarda, ƙarshen wata zan turo manya."

Kafin manya su je, ya murɗe ragowar jan wayar aikin ya yi mata zobe, wai ta riƙe kafin na gaske. Ta yi dariya har da hawaye, ta sa a yatsa, ta ƙi cirewa.

Alhaji Babaji bai yi murna ba. Yana da Kyari a rai, ɗan amininsa, mai shagon atamfa, wanda ya daɗe yana sintiri a ƙofar gidan da turare kamar an ɓarar. Amma da ya bincika aka ce masa Muhsin ba ya wasa da salla, ba ya cutar mai mota, sai ya ce a ba shi lokaci ya yi tunani.

A cikin lokacin tunanin nan ne abin ya faru.

Wata ranar Alhamis da la'asar, Fijon ta dawo daga Mamudo, ta tsallaka kwatar ƙofar gida, sai hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin dashbod. Tanko ya fito da gudu. Raudatu ta tsaya tana kokawa da ƙofar da ta maƙale. Alhaji yana zaune a dakali, ya zabura ya fizge ƙofar ya jawo 'yarsa, sannan ya ɗaga bonet ya damƙi kan batir da hannun dama zai cire. Wuta ta kama hannun rigarsa. Kafin maƙwabta su kawo ƙasa da ruwa, Fijo ta zama ƙwarangwal, hannun Alhaji kuwa, innalillahi, ba a son gani.

Ya warke a asibiti, amma yatsu biyu sun sandare. Mutumin da duk cinikinsa a kara, kasuwar shanu, da hannun nan yake ƙulla shi, ya riƙe na mai saye ya ce Allah ya sa albarka, sai ga shi yana ɓoye hannu a cikin babbar riga.

Washegarin gobarar Muhsin ya je ya duba ƙwarangwal ɗin shi kaɗai. Ya daɗe tsugune. Ya tsinci wani abu a toka, ya dube shi, ya jefa a aljihu. Da Alhaji ya dawo gida ya aika a kira shi, ya zo ya durƙusa a zaure.

"Aikinka ne?"

"Aikina ne, Alhaji. Wayar da na ja ce ta gogi ƙarfe, robarta ta cinye."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"Shi ke nan. A yafe min."

"Ba na neman komai a wurinka. Amma wanda sakacinsa ya kusa ƙona min 'ya, ba zan ɗauke ta in ba shi ba. Tashi ka tafi, kada in ƙara ganin ƙafarka a layin nan."

Kyari kuwa abin nema ya samu. Ya bi majalisa majalisa yana ba da labari, har da ƙarin gishiri. Direbobin da suke layi a garejin Muhsin suka fara wucewa suna kau da kai. Haba mutane! Shekarun da ya yi bai ƙona ko fitila ba duk sun tafi a yini ɗaya.

Raudatu ta rame. Abin da ya fi ci mata rai, kullum ita take zuba wa babanta ruwan alwala tana ganin yatsun nan. Tana son Muhsin, tana kuma jin haushinsa, ta rasa wanda za ta bi. Ranar da ta kasa daurewa ta hau acaɓa ta same shi zaune a garejin da babu mota ko ɗaya.

"Ka gaya min gaskiya, gaggawa ka yi? Ko ni ce na dinga ɗauke maka hankali da surutu?"

"Ba ke ba ce."

"To ka kare kanka mana! Ka ce wani abu! An sa ranar da iyayen Kyari za su kawo kaya, kai kana nan kana kallon ƙasa."

"Ba ni da abin cewa, Rauda. Ki bi maganar Baba."

Ta dube shi kamar ba ta san shi ba.

"Ashe ba ka damu ba. Na gode."

Ta tafi tana kuka a titi, ba ta ko rufe fuska ba. Shi ma da ta ɓace ya shiga bayan tifa ya yi nasa.

Ofishin su Raudatu ya kawo sabuwar na'ura, za a ɗaura a motar aiki. Madam Alice, shugabar tawagar, mutuniyar Jos, ta tara su tana ja musu kunne.

"Ku ji ni da kyau. In fiyus ya ƙone a daji, ku bar shi, ku koma kan ƙananan batir. Kada wanda ya yi min dabarar direbobi ya tura waya a wurin. In ya ƙone, wani wuri ne waya take taɓa ƙarfe, shi ne ya yanke wutar. Ka sa waya a madadinsa, ka kunna wa motarka ashana."

Nan take Raudatu ta tuna. A Mamudo, ranar Alhamis ɗin nan, na'urar ta ɗauke ana tsakiyar aiki, Tanko ya tafi masallaci. Ta buɗe ɗan gidan fiyus ta ga ya yi baƙi. Ta sha ganin direbobi suna yi, sai ta warware zoben jan wayar nan ta cusa a wurin, na'ura ta kawo, har tana yaba wa kanta. Ba ta taɓa haɗa wannan da gobarar ba.

Ba ta nemi izini ba, ta fita sai gareji.

"Ka gani, ko? A cikin toka. Ka ga zoben."

Muhsin ya ɗauki tsumma yana goge hannu.

"Muhsin, don girman Allah!"

"Na gani."

"Shi ne ka bar ni ina zarginka? Ka bar gari yana zaginka?"

"Ni zagi ne kawai, Rauda, zai wuce. Ke kuwa kullum za ki ga hannun Baba. Ban so ki dinga kallonsa kina cewa ke ce ba. Kuma wayata ce ta fara gogewa, ban yi ƙarya ba."

Ta durƙushe a cikin baƙin mai da mayafinta da komai, ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar gobara.

Ya roƙe ta ta bar maganar. Ina! Tana isa gida ta tarar da Alhaji yana fama da cokali a hannun hagu. Ta zube a gabansa ta faɗi komai, ba ta rage ba. Alhaji ya ajiye cokalin. Bai yi faɗa ba, wanda da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ce kawai a kira masa Tanko ya samo mota.

A gareji Muhsin ya taso zai durƙusa, Alhaji ya hana shi.

"Kai yaro, ni ka mayar sakarai? Na kore ka a gaban mutane, kana da amsa a aljihu, ka haɗiye?"

"Alhaji, na ji tsoron abin da zai yi mata."

"To ni ubanta ne ko kai?"

"Kai ne, Alhaji."

Idon dattijon ya kaɗa ya yi ja.

"Na zalunce ka, ka yafe min. Mahaifin Kyari ni zan je in ba shi haƙuri da bakina. Ka turo manyanka."

Ranar Juma'a bayan an sauko, Alhaji Babaji ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a cewa gobarar motarsa ba laifin Muhsin ba ce, bai kuma ce laifin wa ba ne. Direbobi suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya, suna soshe-soshen ƙeya.

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure a Yerimaram. 'Yan kara suka zo, 'yan gareji suka zo da wankakkun kaya har ba a gane su, Madam Alice ta kawo kuloli. Da yamma aka kai amarya ta yi sallama da mahaifinta. Ta durƙusa, ya fito da hannun nan daga cikin riga ya ɗora mata a ka. Tana jin sandararrun yatsun a kan mayafinta ta fashe da kuka.

"Baba, ka yafe min. Ni na yi maka wannan."

"Da wannan hannun na fito da ke daga wuta, Raudatu. Ko da duka biyar ɗin suka tafi, ni na ci riba. Na yafe miki duniya da lahira. Tashi, mijinki yana jira."

Ya juya ga Muhsin da yake tsugune a bakin ƙofa.

"Ga ta nan. Ka riga ka nuna min yadda za ka riƙe ta. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ta gari."

Mata suka ɗauki guɗa. Raudatu ta kama hannun ta sumbace shi, ta ƙi saki, sai da gwaggonninta suka ɓanɓare ta.