Rabon Teku

Ranar da Limbert Ticona ya fara taka gadar masunta ta Antofagasta, wadda ta miƙe cikin teku, tsokar naman shanu ya riƙo a leda, wai da ita zai kama kifi.

Danitza ce ta fara ganinsa. Ita ke zama a bakin gada tare da mahaifiyarta, Doña Uberlinda, suna sayar da ƙoto, 'yan ƙananan sadin da jatan lande da ake saƙala wa ƙugiya. Ta dubi naman, ta dubi sandar fatsarsa sabuwa fil, ta tambaye shi ko gashi ya zo yi wa kifayen.

Bai gane wasa take yi ba. Ya cire hula ya yi mata bayani tiryan-tiryan: shi daga Oruro yake, can saman duwatsun Bolibiya, aikin gini ne ya kawo shi Chile, kuma sai bana ya taɓa ganin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓarsa. Ran Lahadi ɗakin haya kamar zai cinye shi, shi ya sa ya fito.

"To, Ɗan Tudu," in ji ta, "kai namanka gida ka soya. Kifin nan ba su san saniya ba."

Ta zuba masa sadin ta ƙi karɓar ko sisi. Ta cire 'yar dalmar da ke jikin zarensa ta ɗaura mai nauyi, ta nuna masa yadda ake ɓoye bakin ƙugiya cikin ƙoto. Ya yini a rana ko ciyawar ruwa bai ja ba, amma ya koma gida da lambar wayarta, wai saboda tambaya.

Tambayar kuwa ba ta ƙare ba, kullum sai ya turo mata saƙo.

"Malama, barka da yamma. Na jefa kamar yadda kika ce, zaren ya naɗe a ƙafar gada. Laifina ne ko na gada?"

"Naka ne. Ka daina jefawa kamar mai jifan kare. Ka zo lokacin da ruwa ke cikowa, ba lokacin da yake janyewa ba. Kuma ka sa hula mai baki, hancinka ya fara saɓa."

"Ashe kina kallon hancina."

"Ina kallon duk abin da ke shirin lalacewa a gaban shagona."

Lahadi bayan Lahadi yana zuwa. Ya koyi ɗaurin ƙugiya, ya koyi jefawa gefen da ruwa ke tafiya don kada zarensa ya hau na maƙwabci, ya koyi riƙe zare da ɗan yatsa yana sauraro. Kifi dai shiru. In ya dawo da bokiti wayam sai ta raba empanadarta, wani burodi mai nama a ciki, biyu ta miƙa masa rabi, ta ce kada ya damu, teku ba ta son mai gaggawa. Tun yana ce mata Malama har ya koma Malamata, ita ma Ɗan Tudun nan ya tashi daga tsokana ya zama wani abu dabam, don ko muryarta sauka take yi in za ta faɗa.

Abin da ya dagula lissafi shi ne lobo.

Duk wanda ya tsufa a gadar nan ya san wannan ƙaton karen tekun mai gashin baki. Wurinsa can bakin kasuwar kifi ne, inda ake zubar da hanji. In ya leƙo gada, kamun kifi ya ƙare: kifi su watse, wanda ya maƙale a ƙugiya kuma ya fizge shi ya bar maka kai. Shekara da shekaru bai damu da mu masuntan gada ba. Sai ga shi kwatsam kowace Lahadi yana shawagi a ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma ba ya zuwa sai Ɗan Tudu ya zo.

Mahaifin Danitza, Don Nibaldo, shi ne babban gada. Tsohon mai nutso ne, kunnensa ɗaya ruwa ya kashe, yana zama a can ƙarshe kan akwatin katako, ba mai jefa ƙugiya kusa da shi sai ya nemi izini. Dama bai ƙaunaci yaron ba. Ya ce mutanen da ba su da teku a ƙasarsu ba abin da suka sani sai kukan a mayar musu da ita, tun da Chile ta ƙwace gaɓar Bolibiya a yaƙi. Da lobo ya ƙwace masa wani ƙaton kifi yana gab da fito da shi, sai ya ce yaron nan farar ƙafa gare shi, kada ya ƙara ganinsa a shagon matarsa.

Danitza ta ce, "Baba, yaushe ka fara duba?"

Ya juya mata mataccen kunnen. Haka yake yi in ba ya son magana.

Akwai kuma Osvaldo, mai tuƙa injin ɗaga kwantena a tashar jiragen ruwa, mai sandar fatsa ta ƙasar waje da agogo kamar murfin kwalba. Ya daɗe yana sayen ƙoton da ba ya bukata. Shi Don Nibaldo ke so ya ba 'yarsa, don ɗan gari ne, kakansa ma a gadar ya mutu. Osvaldo ya sa wa Limbert ido, kuma mai nema yana tare da samu.

Wata safiya ya ɗauke shi a waya. Bidiyon ya nuna Limbert ya tsuguna a gefen gada kafin ya jefa ƙugiya, ya cire hula, ya cika tafin hannunsa da sadin ya watsa a ruwa, ya ƙara wani. Ba a jima ba ga gashin bakin lobo ya ɓullo.

Kafin rana ta take, kowa ya gani. Osvaldo yana bi yana nuna wa mutane, yana cewa da gangan ne, tunda an hana 'yan Bolibiya teku sun aiko wanda zai ɓata ta. Aka yi masa ca. Wani ya shure bokitinsa ya faɗa ruwa. Don Nibaldo bai ɗaga murya ba, ya dai nuna masa hanyar fita da sanda, ya ce gadar da 'yarsa duka ya haramta masa.

Abin da ya fi ci wa Limbert rai shi ne fuskar Danitza lokacin da ya wuce ta gaban shago. Ba ta ɗago ba.

Da yamma saƙonta ya shigo.

"Mafi kyawun sadin nake ware maka, ina ɓoye wa Mama. Ashe kare kake ciyarwa da shi. Na tsaya maka a gaban Baba, ka mai da ni sakarya."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, sannan ya aika.

"Malamata, a garinmu ba a fara gini, ba a fara shuka, ba a buɗe kwalba sai an ba ƙasa rabonta. Kakata ta ce in na isa in gaida tekun, kada in shiga gidan mutane hannu rabbana. Ni baƙo ne. Na ɗauka ladabi nake yi. Ba wanda ya gaya mini."

"Ka tambaye ni ɗaurin ƙugiya, ka tambaye ni hula, wannan ne ba ka tambaya ba?"

"Ban san abin tambaya ba ne. Kowa na yi a wurinmu."

Ta yi kwanaki ba ta amsa ba.

Korarsa kuma ba ta gyara komai ba. Lobo ya riga ya saba. Lahadi na yi sai ya zo ya yi ta kewaya gada yana jiran mai gaisuwa, da bai gan shi ba sai ya huce a kan ƙugiyoyin mutane. Aka jefe shi da duwatsu, aka buga masa gwangwani, ko a jikinsa. Taɓa shi kuma doka ta hana. Masunta suka fara ƙaura zuwa wani wuri, cinikin Doña Uberlinda ya faɗi, gidan Don Nibaldo ya zama ba mai yi wa wani magana sai ƙarar cokali.

Limbert yana can yana ɗora bulo yana cizon yatsa. Ya rasa yarinya, ya rasa wurin zama ran Lahadi, ga sunansa ya zama abin zagi, duk a kan gaisuwa. Ya yi tunanin tattara kayansa ya hau motar Oruro. Da ya auna sai ya ga in ya tafi, maganar Osvaldo ta zama gaskiya ke nan.

Sai ya je kasuwar kifi ya roƙi kawuna da hanji, ya cika bokiti. Akwai wasu duwatsun tare ruwa nesa da gada, inda ba inuwa, ba wurin zama, sai kashin tsuntsaye. Can ya je ya tsuguna, ya cire hula, ya fara watsawa kaɗan-kaɗan. Ranar farko lobo bai kula shi ba. Lahadi ta biyu ya leƙo ya koma. Daga baya ya gane mutuminsa, ya tare a can.

Ba aiki ne mai daɗi ba. Dole ya riga kowa zuwa, dole ya ja bokitin har rana ta karkata, don in ya zubar gaba ɗaya dabbar za ta cinye ta koma gada. Rana ta gasa shi, ƙudaje suka san shi, 'yan motar haya suka fara ƙin ɗaukarsa saboda ƙarni. Daga inda yake yana hango mutane suna fito da kifi suna shewa, ba mai ɗago masa hannu. Sandar fatsarsa tana jingine a ɗaki tana tara ƙura. Osvaldo ya raɗa masa suna Uban Kare, sunan kuma ya bi shi har wurin gini.

Wata Lahadi yana tsugune sai waya ta yi ƙara.

"Ɗan Tudu, ka juya hular, wuyanka ne ke saɓa yanzu."

Ya waiga. Tana tsaye a kan duwatsu da empanada a takarda, ta toshe hanci. Ta ce wari yake kamar bayan kasuwa, kuma shi ne wawa mafi taurin kai da ta taɓa gani. Sannan ta zauna kusa da shi ta raba biyu.

"Har yaushe za ka yi wannan?"

"Ni na ɗaure kurar, Malamata. Ban san yadda ake kwance ta ba tukuna."

"In Baba bai sauko ba fa?"

"Sai in tsufa a nan. Ke dai ki riƙa kawo rabin."

Ta yi dariya har da hawaye, ta ɗora kanta a kafaɗarsa, ƙarni da komai.

Doña Uberlinda ce ta ƙarasa aikin a gida. Kullum ta ajiye wa mijinta farfesu sai ta ce ya ci a hankali, kifin Uban Kare ne. Ta tambaye shi, a gefen kunnen da ke ji, cikin duk masu bakin nan na gada wa ya taɓa ɗaukar bokiti ko sau ɗaya. Osvaldo ma da aka ce ya karɓi Lahadi guda, cewa ya yi yana da aiki.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sannan Don Nibaldo ya taka zuwa duwatsun da sandarsa. Ya tsaya yana kallon lobo na juyi, sannan ya dubi Limbert.

"Ka taɓa kama kifi kuwa?"

"Ko ɗaya, Don Nibaldo."

"To da me za ka ciyar da ita?"

"Da bulo. Shi na iya."

Tsohon ya yi tsaki. Ya ce shi ba kifi ne damuwarsa ba. 'Ya ɗaya gare shi, kuma ya san halin baƙo, in ya samu abin da ya zo nema sai ya naɗe tabarmarsa. Ba zai yarda a kai masa ita saman dutse inda numfashi ma sai an roƙa ba.

Limbert ya nuna dabbar da haɓa. "Ko wannan ban iya tafiya na bari ba, Baba, balle ita."

Don Nibaldo ya juya masa mataccen kunnen, ya kama hanya. Sai da ya yi nisa ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, a gaya wa mutanen Oruro su sauko, amma ya yi wanka kafin ya shigo masa gida.

Ran Asabar aka ɗaura auren a ƙaramin cocin masunta. Kakar ango ta zo da faffaɗan siket da hularta, da buhun busasshen dankali, ta riƙe fuskar amarya da hannu biyu ta yi ta sa albarka da harshensu, ba wanda ya ji amma kowa ya ce amin. Doña Uberlinda ta yi kuka ta yi rawa. Don Nibaldo ya ɗaga kofi ya ce Allah Ya zaunar da su lafiya, Ya ba su 'ya'ya masu jin magana, waɗanda za su riƙa tambaya kafin su yi ladabi.

Washegari Lahadi ce. Ango ya farka a firgice rana ta fito, ya fara laluben takalmi. Danitza ta riƙo rigarsa ta miƙa masa wayarta, saƙon mahaifiyarta ne.

"Ki ce wa mijinki ya koma ya kwanta. Babanku ya fita tun da sassafe da bokitin, yana tafe yana zagin Bolibiya."